Ranar da Aka Ara wa Ƙanina Zanin Gado

Jiya da safe mai gadin asibiti ya tare ni a ƙofa, ina riƙe da kwanon abincin ƙanina. Wai ba shiga, Mai Girma Uban Marasa Lafiya zai kawo ziyara. Na ce, "To mu da muke zuwa kullum fa?" Ya ce, "Ku ai jinya kuke yi, ba ziyara ba." Gaskiyarsa. Sai ta wajen masu wanki na zagaya na kutsa.

Ƙanin nan nawa, Auta, shekararsa ashirin da uku. Mota ce ta buge shi a kan babur, mako biyar ke nan ƙafarsa na rataye. Likita ya ce ƙashi na haɗuwa, amma ni bakinsa ne ya hana ni sukuni. Mutumin da a gida sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu wuni yake yana kallon silin. Abokansa sun zo makon farko, suka ɗauki hoto, suka koma harkokinsu. Innarmu ta yi lallashi har ta gaji. Tsorona kada ƙafa ta warke a sallamo mana wani mutum daban.

Wanda bai gaji ba shi ne wani tsohon tela da ke gadon kusa da shi, mai tari kamar injin niƙa. Kullum sai ya tsokane shi: "Ango, yau ma amaryar ba ta zo ba? Ko ta ji labarin ƙafar?" Auta dai idonsa na kan silin.

Da na shiga ɗakin, na ɗauka ɓatan hanya na yi. Fanka na juyawa! Zannuwan gado farare fat, har da talabijin. An turo gadon Auta bakin ƙofa, don shi ne zai yi kyau a hoto. Tela kuwa an kai shi ɗakin ajiyar kaya, kada tarinsa ya katse jawabi. Wata babbar ma'aikaciya na bi gado-gado: "In an tambaye ku, ku ce kun gode, sannan ku yi murmushi."

Mai Girma ya iso da tawagar da ta fi majinyata yawa. Ya dafa kafaɗar Auta, fuskarsa na wajen mai hoto. "Samari, akwai abin da kake buƙata?"

Sai na ji wata murya a dushe, wadda rabona da ita mako biyar. "Ranka ya daɗe, a dawo da Baba Tela. In ya shaƙe, ni nake buga ƙarfen gado da cokali har nas ta zo. Can wa zai buga masa?"

Ni dai hawaye suka zubo mini, ban ji kunya ba. Da yake idon jama'a na kan Mai Girma, nan take aka turo tsohon yana tari.

"Ango, ashe kana da baki?"

"Kai dai yi tarinka, tsoho."

Kayan aro ba ya rufe katara, kafin la'asar an kwashe komai, fanka ta tsaya. Na baro su biyun suna musu a kan wanda zai riga wani fita.

Da yamma na ji a rediyo wai ziyarar Mai Girma ta sa wani bebe ya yi magana. Ban musa ba, Allah ya ƙara masa lafiya. An ce can inda manya ke zuwa jinya, kowa da ɗakinsa shi kaɗai. Wallahi sun ba ni tausayi.