Tagar Kaka

"...da gajiya kuma? To madalla. Ashe angon nawa bai manta hanya ba."

Jikan ya miƙe daga durƙuso, takardar zane a hammata. Shi ya zana ɗakin da ake gina wa kakarsa a bakin titi, tunda gwiwa ta hana ta hawa bene. Yau magini zai kafa taga, in ya zuba kankare kuwa magana ta ƙare.

"Gini na zo dubawa, ba ke ba. Me zan yi da amarya mai haƙori biyu?"

"Biyun ma sun fi gemunka yawa. Kai, wancan ramin na sama fa, na tantabaru ne?"

"Taga ce, tsohuwa. Abu uku gini yake so: ƙarfi, amfani, kyau. Tun kafin a haife ki aka faɗa, kin ga kuwa an jima."

"Ƙarfi dai na gani. Kurkuku ma yana da shi."

"Iska mai zafi ta sama take fita. Ga shi ta yi daidai da kan ƙofa, layi ɗaya cif. Shekara biyar na yi ina karanta wannan."

"Shekara biyar! Da akuya aka kiwata da an sha nono. Da wa ka auna ta?"

"Da tsayin mutum mana."

"A tsaye?"

"Mai awo a kwance daban ne, yana nan da likkafani yana jiranki."

"Sai na ga furfurarka, ɗan nema. Ɗauki kujerata ka shiga ciki ka zauna."

Ya ja 'yar kujerar ya zauna, yana murmushin masu ilimi. Bulo ne a gabansa, wani a kan wani. Ta bayan bangon yana jin mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, wasu mata suna gaisawa, amma ko inuwar mutum bai gani ba. Murmushin ya tafi, kunya ta kama shi.

"Ni yawo ya ƙare mini," in ji ta. "Kasuwa, barka, gaisuwa, duk ta tagar nan zan je su."

Ya ƙwala wa magini kira. "Sauke tagar ƙasa, layin bulo uku."

"Layin ƙofar fa, ranka ya daɗe?"

"Bar shi." Ya juyo yana dariya. "Kin ci, tsohuwa. Amma sai na sa ƙarfe, kada ki tsallaka ki bi samari."

"Sa abinka. In dai ina ganin su suna wucewa, ya ishe ni."