Yadda Za Ka Gasa Birkin Motarka a Oben Ɗin Surukarka

Mijin autata ne ya kashe min oben, kuma shi ne ya zauna ya yi tsit har aka ce na fara ruɗewa. Na faɗa. In kunyar surukuta ta hana kama suna, ai ban kama ba. Ya san kansa, motarsa ma ta san shi.

To, tunda abin ya zama gwaninta, bari in koya wa na baya. Kai da kake so mutane su leƙa ta tsakanin wilin motarka su hangi ja kamar garwashi, matso kusa. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, ban taɓa zama a aji ba, amma a kicin ɗina aka yi wannan aiki, a kan mutuncina aka gwada shi, don haka ba ka da malamin da ya fi ni. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari birkinka zai yi ƙyalli, laifin kuma wani zai ɗauka.

1. Ka nemo abin da motarka ba ta buƙata

Kada ka kula da tayar da ta suɗe kamar tafin hannu. Kada ka saurari ƙofar da sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Wannan damuwar ƙananan mutane ce. Durƙusa ka leƙa bayan wili. Akwai wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi da ke cafke faifan taya in an taka birki, bakanike na ce masa kalifa. Tun da aka ƙera motar yake aikinsa cikin ƙura, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. To shi za ka tausaya wa. Masu hikima sun ce mota ba ta tsayawa da kyau sai birkinta ya yi kwalliya. In ba ka taɓa ji ba, yau ka ji.

2. Ka raina fentin gwangwani

Feshin gwangwani na ragwaye ne. Kai na gari za ka yi, wanda yake kamar hoda: a fesa a jikin ƙarfe, a gasa, ya narke ya kama. Akwai masu wannan sana'a da tandarsu ta musamman, ba abin da ake sa mata sai ƙarfe. Kada ka je wurinsu. Ari bindigar feshi wurin abokinka, ka kalli yadda ake yi a waya, ka gyaɗa kai. Namiji ba ya tambaya.

3. Zaɓen oben

Nan ake gane mai basira. Kada ka yi a gidanka, matarka na da hanci, kuma tana da baki. Nemi oben ɗin tsohuwar da kunya ba za ta bari ta tuhume ka ba. Ya fi kyau ya zama da shi take ci da kanta: wadda ke gasa kek tana kai wa mai kantin bakin titi tun matarka na rarrafe, wadda in ta ɗora bayan hannu a murfi ta san ko wuta ta yi. Irin wannan oben zafinsa daidai yake, ba ya ƙona gefe ya bar tsakiya.

Jira ranar da za ta je ganin likitan gwiwa. Ka iso da sassafe, ka rusuna har ƙasa.

"Mama, motar ba ta da lafiya, amma ga tasi na kira miki. Kawo makullin gida in duba miki famfon nan da ke ɗiga."

Za ta sa maka albarka har ta shiga mota, ta leƙo ta taga ta ƙara. Ka adana albarkar nan, za ta yi maka rana. Famfon kuwa ka bar shi, ɗigarsa ba ta tsone wa kowa ido.

4. Gashi

Kwanto ƙarafan birkin, fesa musu jar hodar, ka rataye su da waya a jikin ragar da ake ɗora faranti. Kunna wuta, rufe murfi. In hayaƙi ya turnuƙe kada ka firgita, alamar nasara ce. Buɗe taga, kunna fanka, ka fesa turaren ɗaki. Da sun huce ka naɗe su a tsumma, ka goge iya inda ido ke kaiwa. Warin da ya shige bangon oben ba naka ba ne, na mai oben ne.

5. Shiru

Duk sauran matakan wasa ne. Wannan shi ne aikin.

Tsohuwa za ta dawo ta ji wani wari, ta ce mai walda ne ke fentin ƙyaure a maƙwabta. Ta kwaɓa fulawarta, ta gasa, ta kai kanti. Kafin ta huce gajiya sai ga mai kanti a ƙofa da kwali a hannu, yana sosa ƙeya.

"Mama, kek ɗin nan fa, an ce kamar mutum ya lashi ƙofar gareji."

"Wa ya taɓa lasar ƙofar gareji da har ya san ɗanɗanonta?"

"Matata ce, Mama. Har amai ta yi."

Za ta zubar da fulawar. Ta sauya mai, ta sauya suga, ta dirje farantai har yatsunta su saɓule. Ta sake gasawa, a sake dawo mata da shi. Mai kanti ya ba ta haƙuri, ya ba wata gurbinta a cikin gilashi. Mata a layi su fara gaishe ta da ƙarfi, a hankali, kamar mai ciwon kunne.

Sai 'ya'yanta su taru a falo. Babban ɗanta ya gyara zama ya sassauta murya, irin ta likita.

"Mama, ko dai kananzir kika zuba a madadin mai? Ba abin kunya ba ne, shekaru ne."

Auta ta fashe da kuka. A yanke shawara a ɗauke oben kafin ta ƙona gida da kanta a ciki. Kai kuwa ka zauna can bakin kafet, ka sunkuyar da kai, suruki na gari. In an ce, "Kai me ka gani?" ka yi ajiyar zuciya ka ce, "Gaskiya lafiyar Mama ta fi komai."

In ka iya wannan, za ka ga abin mamaki: ita kanta za ta fara yarda. Bayan kowa ya watse za ta shiga kicin tana buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya tana sansanawa, tana sansana hannunta, tana tambayar kanta ko da gaske ne kan ya fara tafiya. Matar da ta rufe mijinta ba ta zauna jiran kowa ba, ta aurar da 'ya'ya da wannan oben, ga ta tsaye tana tsoron cokalinta. Oben ƙarfe ne. Wannan tsayuwar ce ban yafe ba.

6. Ka zo da kanka ka ɗauke shi

Kada ka bari wani ya riga ka ladan. Ka ce kai za ka zo da mota. Wanke ta tas, musamman wilin, ka shigo da ita har tsakar gida ka buɗe but ɗin baya, inda ake sa kaya.

Ga kurakurai biyu da mijin autata ya yi, ka kiyaye. Na farko, ya zaro ragar don oben ya yi sauƙin ɗauka, ya jingine ta a kife. A ƙasanta ga ɗigo-ɗigon ja ya daskare kamar hawayen kyandir, ga guntun waya a murɗe. Ni kuwa ban taɓa gasa abu ja ba. Na ɗauki ragar na biyo shi waje, yana rungume da oben yana nishi. Da wannan gwiwar tawa na durƙusa gaban taya. Jan ragar da na birkinsa ɗaya ne, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Na ce, "Mijin Auta, wannan ja ya yi kyau. Na gwangwani ne?"

Kuskure na biyu kenan. Mutumin da ya iya shiru aka kira surukarsa ruɗaɗɗiya bai iya shiru an raina fentinsa ba.

"Haba Mama, gwangwani kuma? Wannan ai sai an gasa shi a ob..."

Ya tsaya, baki buɗe. Makullin motar na lilo a jikin but. Hannuwansa biyu na ƙarƙashin oben, nawa kuwa ba abin da suke yi. Na zare shi na ƙulle a bakin zanena.

7. In asiri ya tonu

Kada ka amsa. Ajiye oben, ka ce ana kiranka a wurin aiki, ka fita da ƙafa. Sai ka turo matarka.

"Mama, don Allah ki rufa masa asiri. Ya ce zai sayo miki sabo, mai gilashi da fitila a ciki. Kada dai a sa shi ya faɗa da bakinsa a gaban Yaya."

"Sabon zai je kanti ya ce ba ni da taɓin ƙwaƙwalwa?"

"Mama, kin san yadda Yaya yake da shi."

"Na san yadda nake da kaina, 'yar nan."

Kuma kada ka damu in tsohuwar ta kai ƙara da kanta, mataki na biyar zai kare ka. Na nuna wa babban ɗana ragar, ya jujjuya ta, ya dubi ƙanwarsa ya ce a hankali, "Zargin mutane ma yana cikin alamomin." Ka gani? Wanda aka riga aka ce ya ruɗe, ko rana ya nuna sai a ce fitila ce.

Sanarwa

Duk wanda ya bi wannan darasi ya ga ba daidai ba, babu ruwana. In birkinka ya yi kyau aurenka ya yi tsami, in ka koma hawa motar haya kana rataye a bakin ƙofa, kada a nemo ni. Ni tsohuwa ce, an ce ban san abin da nake yi ba, kuma da shaidarku aka ce.

Kai kuwa mijin Auta, motarka na nan inda ka bar ta. Jan yana ƙyalli, kyanwar maƙwabta na kwana a ƙarƙashinsa, ita kaɗai ke yabawa. Ba na son sabon oben, ba na son a turo min kowa. Na gasa kek a wancan, na rufe shi da faranti, yana jiranka. Ka zo da rana tsaka, ga babban ɗana, ga Auta, ga mai kanti da matarsa. Ka zauna tsakiyar falo, ba bakin kafet ba. Ka yanka ka ci, ka haɗiye, sannan ka ɗaga kai ka faɗa musu da bakinka ɗanɗanon mene ne, kuma wa ya zuba shi. Makulli na bakin zanena, kuma ƙullina ba ya kwancewa da kansa.