Injiniyan Tafireta a Hanyar Kagoma

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka ɗauki Rifkatu, 'yar kawuna, zuwa ɗaurin aurenta a Kagoma ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bari ba.

Lokacin ba a daɗe da fara kashe naira ba, ina aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa a Kafanchan. Aikina buga tafireta ne a ofis, hannuna bai san baƙin mai ba. Amma da Mama ta ji an ce loko, sai ta bi matan zumunta na cocinmu tana shaida musu ɗanta injiniya ne. Ni kuwa ban ƙaryata ba. (Ku faɗi gaskiya, wa zai ƙaryata? Har dattawa sun fara ba ni kujera.)

Ran bikin aka ɗauko babbar mota mai bodin katako, irin mai dakon citta. Matan zumunta da tukwanensu da gangunansu a baya, amarya da kawu a gaba, ni kuma na maƙale a gefe cikin farar kwat ɗin da na ɗinka musamman. Ƙarfe goma za a shiga coci. Saura kamar mil huɗu mu isa, motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Direban ya buga ya buga, ta ƙi tashi. Ya leƙa injin, ya ce shi tuƙi ya sani, bari ya koma gari ya ɗauko bakanikensa. Ya tare wani mai keke suka tafi.

Muka zauna. Tara ta wuce, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Rifkatu ta fara kuka a hankali, don dama dangin ango sun yi ta gunaguni cewa mutanenmu ba su san lokaci ba. Can sai kawu ya juyo ya dube ni.

"Kai, wane irin abu ne wannan? Mota ya mutu, injiniya yana nan, muna jiran wani?"

Na ce, "Kawu, ai injin jirgi daban, na mota daban."

Mama ta leƙo daga sama ta ce, "Wanda ya iya babba, ƙarami zai gagare shi? Tashi ka taimaki ƙanwarka!"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na tuɓe kwat, na naɗe hannun riga, na jawo akwatin sifanu daga ƙarƙashin kujerar direba. Na hau taya na leƙa. Wallahi ban gane komai ba sai fanka. Amma na sha jin ma'aikatan loko suna cewa in injin gas ya mutu, to mai ne ba ya isa. Na ga wasu siraran bututun ƙarfe guda shida jere da juna, na ce a raina lalle nan man yake bi, ɗaya ne ya toshe.

Na kwance na farko na hura. Iska ta wuce. Na kwance na biyu, shi ma lafiya lau. Matan zumunta suka ɗauki waƙa don ƙarfafa ni, ni kuwa gumi na shiga mini ido. Kafin in ankara na kwance duka shidan na jera su a kan ciyawa, bakina sai ɗacin man gas, kuma babu wanda ya toshe a cikinsu.

Sai mayarwa. A nan na gane kowanne da irin lanƙwasarsa da gurbinsa, ni kuwa ban lura da wanne ya fito daga ina ba. Na gwada wannan, ya yi gajere. Na gwada wancan, ya yi tsawo. Kawu yana ƙasa yana tambaya, "Ya kusa?" ina cewa, "Saura kaɗan." Na kama ɗaya na ce bari in ɗan tanƙwara shi da gwiwa ya shiga.

Ƙas!

Waƙar ma tsayawa ta yi. Ina tsaye da guntun ƙarfe a kowane hannu sai ga ƙarar babur, direba ya dawo da bakanike, wani dattijo mai suna Malam Audu. Ya leƙa injin, ya dubi bututun da ke kan ciyawa. Sannan ya kwance wani ɗan kofi a gefen injin, ya zubar da ruwa da laka.

Ya ce, "Filtar tace mai ce ta cika da datti. Aikin minti goma. Amma wane ne ya yi wannan ɓarnar?"

Mama ba ta ji kalmar ƙarshe ba. Ta miƙe a cikin mota ta buga ƙirji ta ce, "Yarona ne! Injiniya ne a loko!"

Malam Audu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A loko? Ƙanena yana can shekara goma sha. Wane sashe kake, ɗana?"

Na ce, "Ofis, Baba." Muryata kamar ta sauro.

"Me kake yi a ofis?"

"Tafireta."

Malam Audu ya ce irin wannan bututun sai an aika Jos. A bayan babur ɗinsa aka kai amarya, ta tattare farar rigarta a cinya, kawu ya bi su a keken aro. Mu kuwa muka taka a ƙasa, ruwa ya sauko mana a hanya. Ni aka ɗora wa babbar tukunyar shinkafa, kuma ba wanda ya yi mini magana har muka isa, sai wata tsohuwa da ta ce, "Sannu, Tafireta." An ɗaura aure wajen ƙarfe biyu. Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri, ina jin rabin cocin na waiwayena.

Rifkatu ta yafe mini bayan ta haifi ɗanta na fari. Mama kuwa wata guda tana zama a bencin baya.

Tun daga ranar na koyi cewa "ban iya ba" da wuri, tun kafin a miƙo mini sifana. Kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma ba a ɗaukar tukunya a ka.