Farfesa Ya Kai Ilimi Obalende

Agege ta yi sa'ar Malam Abdulwahid. Mutum ne mai tawali'u, ba ya son a kira shi Farfesa, ko da yake yakan waiwayo tun mai kiran bai rufe baki ba. Dillancin fata da yake yi a kwata abin cin tuwo ne kawai. Ainihin abin da ya kawo shi Legas shi ne ceto Hausawa daga duhun Turanci.

Makarantar tasa benci ne a bayan shagon Mamman tela, inda bayan la'asar ake baje allon sikirabul, wasan nan da ake jera haruffa a haɗa kalmar Turanci a ci maki. Shi ne shugaban ƙungiyar masu wasan tun kafuwarta, kuma zaɓen ba maguɗi: allon nasa ne.

Sauran 'yan wasan ba su da buri. Su dai su ajiye kalma su kwashi maki. Farfesa ya wuce wannan kwaɗayin. In ya ajiye tasa sai ya cire tabarau, ya gyara zama, ya soma fassara.

"Igloo," in ji shi wata rana, jama'a na sharce gumi. "Ɗaki ne na ƙanƙara zalla. Mutum ya kwana a firji shi da iyalinsa, da son ransa. Ku da ba ku taɓa wuce Mile 2 ba, ban sa ran ku gane ba."

Shi kansa iyakarsa Badagiri, nan gaba kaɗan cikin jihar Legas.

A bencin nan ba a katse babba. Don haka kowa yakan riƙe haruffansa ya jira, har ladan ya kira magariba a tattara allo. Abin da ya sa ke nan ba a taɓa cinye Farfesa ba a tarihin ƙungiyar. Ba a taɓa gama wasa da shi ba.

Ana nan sai 'yan unguwar Obalende suka shirya gasa, suka ba Agege gurbi ɗaya. Kowa ya dubi Nazir mai kemis, wanda ya saba lallasa duk wanda ya zauna gabansa. Farfesa ya yi gyaran murya.

"Gari ba ya tura wanda ya san kalma bai san ma'anarta ba. Aku ma yana magana. Ni zan je. Kuma ku shaida, in ban wuce zagayen farko ba, na sauka daga shugabanci."

"Baba, can fa da agogo suke wasa," in ji Nazir.

"Agogo na masu ƙarancin abin faɗa ne."

Ranar gasa ya sa babbar riga mai aska takwas, ya cinye kujerar mutum biyu a motar haya ta danfo, Mamman na rakiya. Aka haɗa shi da wani akanta Bayarabe, Abdulganiyu, wanda ya tashi a Agege yana jin Hausa ras. Mutumin ya rusuna har ƙasa ya gaishe shi. Alƙalin wasa ya yi bayani: kowa da lokacinsa, in ka ajiye kalma ka danna agogo lokacinka ya tsaya na abokin karawa ya soma, wanda nasa ya ƙare kuma za a yi ta zaftare masa maki. Farfesa na ta gyaɗa kai irin na wanda ake karanta wa littafin da shi ya rubuta.

Allah Ya ba shi haruffa masu kyau. Ya jera kalmarsa, ya cire tabarau. Agogon kuwa bai ko kalle shi ba.

"Zebu. Saniya ce mai tozo. Bature ya ga sarauniyar shanu, ya ga bai dace ya jera ta da sauran ba, sai ya raɗa mata suna nata na kanta."

Abdulganiyu ya saci kallon agogo, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Baba, to shi tozon, kitse ne ko nama?"

Zuciyar Farfesa ta narke. Shekara da shekaru yana koyar da masu hamma, yau ga ɗalibi. Ya bi tozo ya fito, ya shiga ƙaho, ya gangaro kan fata, inda nan ne gidansa. Duk sanda ya tsaya jan numfashi, Abdulganiyu na da wata tambayar a shirye, cikin ladabi.

Mamman ya yi tari. Ya sake yi. Ya nuna agogo da haɓa, ya nuna da yatsa.

"A fitar min da telan nan," in ji Farfesa. "Yana hana yaro karatu."

Aka fitar da shi.

Can da Farfesa ya ga dama ya danna agogo, Abdulganiyu ya samu damar wasa. Ya ajiye kalma mai tsawo, ya danna agogo tun kafin Farfesa ya mai da tabarau. Farfesa ya tambaye shi ma'anarta.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ko za ka taimaka?"

Ya taimaka. Yana tsakiyar taimakon alƙali ya zo ya tsaya a kansu, ya ce lokacin wakilin Agege ya ƙare tuntuni, zaftarewa ta cinye makin da ya samu har ta wuce, wasa ya tashi. Abdulganiyu ya sake rusunawa, ya yi godiya da karatu.

A danfo Farfesa ya ce, "Mamman, yaron nan zai yi nisa."

"Ai ya yi, Farfesa. Yana zagaye na biyu."

Shaidu ba su manta ba. Nazir ya hau shugabanci a makon, Farfesa kuma ya naɗe allonsa ya tafi da shi gida don ya hukunta gari. Ƙungiya ta sayo sabo a kasuwar Idumota, kuma a karon farko aka ga yadda ƙarshen wasa yake.

Amma daraja ba ta ɓuya a wajen waɗanda suka san ta. Da gasar bana ta matso, 'yan Obalende suka aiko takanas suna roƙon Agege ta sake turo Farfesa. An ce har rigima ake yi a kan wanda za a haɗa da shi.