Barkonon Iya a Ɓawon Kwakwa

Ka taɓa ganin barkonon da saiwarsa ba ta san ƙasa ba, amma ya yi 'ya'ya har rassansa suna sunkuyawa? Ni ma ban taɓa gani ba sai a gidan maƙwabciyata Malama Batul, nan Ƙofar Jatau. Tsakar gidanta siminti ne daga zaure har bakin madafi, ko ciyawa ba ta da wurin tsira. Amma a jikin katanga ta jera tsofaffin bokitan fenti talatin da shida, kowanne an huda masa gindi an cika shi da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, wannan zaren da masu sayar da kwakwa suke ɓarewa su zubar. A cikinsa barkonon yake rayuwa.

Sana'ata dakan yaji, kuma a wurinta nake samun barkonon da ya sa yajina ya yi suna, shi ya sa duk shigar da zan yi sai na ƙirga bokitan nan. Ranar sunan jikarta, da jama'a suka watse, na ƙirga na sami talatin da biyar. Na gaya mata hankalina a tashe. Ta yi murmushi ta ce in ƙyale ɓarawon, da ƙafarsa zai dawo da kayan.

Ya kuwa dawo, wata Asabar da hantsi, ina zaune ina tsinke nunannun barkono a faifai. Bahago ne, manomin fadama daga wani ƙauye gabas da Zariya. Shi ɗan gwaggonta ne, ita 'yar kawunsa, wato taubasai. Ita ta tsaya a kan cewa ɗan mace bawan ɗan namiji ne, shi kuma tun suna yara yake musun wannan, yanzu ga furfura ta kama su duka biyun ba a gama shari'ar ba. Ya yi sallama ya shigo rungume da wani abu lulluɓe da buhu.

Malama Batul ta amsa: "...Lafiya lau, bawa. Ya ƙauye? Awakin sun yarda ka fito?"

"Suna gaishe ki, 'yar birni. Sun ce yaushe za ki zo ganin dangi."

"Ta wajen ubanka suke. Ni ta wajen uwarka na haɗa da kai. Me ka rungumo haka kamar jariri?"

"Tsintuwa na yi a hanya."

"Tsintuwar da ta hau babur daga zaurena har fadamarka?"

"Taubashi ba ya sata, ɗauka yake. Kuma ni ban zo ba da haƙuri ba, ƙara na kawo. Kin cuce ni. Kayan da na ɗauka jabu ne."

Ya yaye buhun. Wallahi sai da na dafe ƙirji. Bokitin nan na san shi, shi ne na kusa da randa, ranar da ya ɓace fure ne fal a jikinsa. Yanzu furen duk ya kakkaɓe, ganyen ya yi ɗorawa, an kuma tula masa busasshen kashin awaki har wuya.

Malama Batul ta zagaya bokitin tana kallo. Ta tambaye shi laifin me barkonon ya yi masa da ya yanke masa wannan hukunci. Bahago ya rantse cewa ko uwargidansa bai taɓa yi wa hidima irin wadda ya yi wa shukar nan ba. Da asuba ruwan rafi, da la'asar ruwan rafi, in rana ta take ya ƙara. Ya kare shi daga kaji, ya hana yara zuwa kusa. Shi da ya tsufa a noman barkono, wata malamar makaranta mai riƙe alli ba za ta koya masa ban ruwa ba.

"Ka ba shi ya sha," in ji ta. "Me ka ba shi ya ci?"

"Ci kuma? Shuka ai daga ƙasa take ci."

"To nuna mini ƙasar."

Ya ture kashin awakin ya cusa yatsu. Ya ƙara cusawa har wuyan hannu. Ya zaro, ba komai sai jiƙaƙƙen zare. Ashe duk tsammaninsa ƙasa ce a ƙarƙashi, zaren kuwa ado ne aka yafa a sama, irin na mutanen birni da ba sa barin ko tulu ba murfi.

"Har gindi haka yake?"

"Har gindi. Ɓawon kwakwa kwano ne, ba tuwo ba. Ka kai baƙo gidanka ka ajiye masa wankakken kwano da ruwan sha, kana ta yi masa fifita. Rowar taku ta ƙauye har shuka ba ta bari ba."

"Rowa a birni aka haife ta. Ku da kuke yanka ƙwai ɗaya gida huɗu."

Ta ce ya ɗaga bokitin da ya kawo. Ya ɗaga da ƙyar, ruwa na tsiyaya a kan takalminsa. Ta nuna masa ɗaya daga nata wanda ya kai lokacin shan ruwa. Bahago ya gyara tsayuwa, ya tattara ƙarfi irin na mai ɗaukar buhun masara, ya fizga. Bokitin ya taso sama kamar ƙwarya, saura kaɗan ya daki haɓarsa, hularsa ta faɗi can bakin randa. Dariya ta hana ni tsinkar barkono.

"Ga sarkin noma, bokiti ya kayar da shi."

"Ba kayar da ni ya yi ba, gaisuwa muka yi."

Nan ta shiga yi masa bayani, ni kuma na baza kunne, don abin da na daɗe ina son ji ke nan daga farko har ƙarshe. Ta ce ɓawon kwakwa mayaudari ne. Samansa yakan bushe alhali cikinsa jagab yake, don haka ba da ido ake sanin ƙishinsa ba, da hannu ake ɗagawa a ji nauyi. In ya yi sauƙi a ba shi, in da nauyi a wuce shi. Ba a bari ya bushe ƙarau, ba a kuma mayar da shi tafki. Abinci kuwa a cikin ruwan yake zuwa. Ta buɗe duro ta nuna masa ruwan da ta narka taki a ciki, irin takin da ke narkewa tas kamar sukari, wanda take samowa a shagon kayan noma a Sabon Gari. Tsarin da aka rubuta a jikin ledar take bi, in shuka ƙarama ce ta rage ƙarfinsa. Duk shan da barkonon zai yi, da ɗan abincinsa a ciki. Tana zubawa a hankali har sai kaɗan ya ɗigo ta hudar gindi, shi ke wanke gishirin da ya taru.

Bahago ya ga ruwan yana ɗiga, ya yi wuf ya tara kwano, wai a mayar kada a yi asara.

"Ruwan wankan naka kana mayar da shi randa?"

"Mu a ƙauye a rafi muke wanka, ba mu san wannan talaucin ba."

Ta ƙara da cewa rijiyar gidan zartsi gare ta, don haka ruwan sama take tarawa, in babu ta nemi na famfo. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ɓawon kwakwar da aka matse kamar tubali, busasshe ƙamas, ta jefa a baho ta ce bawa ya zuba ruwa. Ya ce shi baƙo ne, amma ya zuba. Muna tsaye tubalin ya fara tsotsar ruwa yana tashi. Ya kumbura, ya tsage, ya ƙara tashi yana warwarewa kamar ƙullin da ya kwana. Aka ƙara ruwa ya shanye. Abin da ta riƙo da hannu ɗaya ya cika baho har yana neman zuba. Na sha gani, amma har yau abin yana ba ni mamaki. Bahago ya ja da baya yana ambaton Allah ƙasa-ƙasa.

"Aljanu kika ajiye a gidan kawuna."

"Aljanin da ke shigowa gidan nan ɗaya ne, da babur yake zuwa." Ta zauna a kan turmi ta dube shi. "Amma tsaya. Kai mai fadama guda, mai kai barkono kasuwa buhu-buhu, me ya kai ka satar bokiti ɗaya?"

Ya ce gwaji yake so ya yi. Ta ce ƙarya. Ya ce uwargidansa ce ta yi sha'awar fure. Ta ce uwargidan tasa ta fi shi hankali. Ya ɗauko hularsa yana ta kaɗe ta alhali ba ƙura a jiki, sannan ya tsuguna a gaban bokitin.

"Na Iya ya ƙare a wurina, Batul."

Na san labarin barkonon Iya. Kakarsu ce, Iya Asama'u, ta zo da irin daga garinsu ƙulle a bakin zane lokacin da aka kawo ta. Gajere ne, yana kallon sama, yana da wani ƙamshi da ba na samu a na kasuwa. Bayan rasuwarta Bahago ne ya riƙe irin. Shi ne ma ya ba Malama Batul 'yan ƙwayoyi bara cikin tsokana, ya ce ta shuka a kan simintinta.

Ya ce ciwo ne ya shiga ƙasar fadamar. Shuka tana tsaye lafiya da safe, da yamma ta yi yaushi, in ka tuge sai ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu ta ruɓe. Ya sake zuba iri, ya sake mutuwa. Ya juye sauran da ke cikin gora, shi ma ya bi su. Ya tambayi duk manomin da ya taɓa ba wa, babu mai shi. Ranar suna da ya shigo ya ga barkonon Iya jere a jikin katanga, kore shar, sai ya faki ido ya ɗauke bokiti ɗaya. Roƙon 'yar birni kuwa ya fi ƙarfin bakinsa.

Malama Batul ta jawo bokiti ɗaya, ta tallafe shukar da tafin hannu, ta kifa, ta zare bokitin a hankali. Ga saiwa fara sol, ta naɗe ɓawon kwakwar gaba ɗaya ta ɗauki siffar bokitin, kamar an saƙa mata kwando. Ko ƙulli ɗaya babu. Bahago ya kai yatsa ya taɓa, ya janye, ya sake taɓawa.

"Tabarakallah," in ji shi. "Duk shekarun nan ina noma, ban taɓa ganin saiwa tana raye ba. Sai in ta mutu nake ganinta." Ya sake duban saiwar. "Da Iya ta ga wannan."

"Da ta ce jikarta ta wajen namiji ta fi." Ta mayar da shukar mazauninta. "Iri yana nan. Amma ba na ba baƙo, ba na ba ɓarawo. Bawana kaɗai nake ba."

"Ni bawan Allah ne."

"Duk mu ne. Radiya, kwashe nunannun nan ki kai turmi."

Ni ce Radiya. Na miƙe da faifan kamar da gaske. Bahago ya tare ni da hannu biyu.

"To, ni bawan barkonon ne."

"Barkonon nawa ne. Radiya, tafi."

"Rabin bawa. Ranar Asabar kaɗai."

"Turmi, Radiya."

Ya dube ni, ya dubi faifan, ya dubi zaure ko wani na shigowa. Sannan ya cire hular da kansa wannan karon, ya durƙusa gwiwa ɗaya.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Bawanki na neman iri."

Dariya ta kama Malama Batul har tana share ido da gefen mayafi. Ta karɓi faifan ta zaɓo masa jajaye mafi ƙosawa, na ƙirga ashirin da bakwai, ta ƙulle su a bakin wani tsohon ɗankwali. Ta haɗa masa da tubali ɗaya da ledar taki. Ta ce ya wanke ɓawon sosai kafin ya zuba iri, ya nemi bokitai ya jera a bayan ɗakinsa, kada saiwa ɗaya ta taɓa ƙasar fadamar nan. Mara lafiyan da ya dawo da shi kuwa zai zauna jinya a wurinta.

Ya cusa ƙullin a aljihun gaba ya dafe da hannu. Sai da ya kai bakin zaure ya juyo.

"Radiya ba ta ji komai ba, ke kuma ba mai yarda da shaidarki. Awaki dai na jiran ziyara."

Na ji, ga shi kuma na faɗa. Mara lafiyan ya fid da sabon ganye kore, bokitai sun koma talatin da shida, Bahago kuma ya aiko cewa irin ya tsiro. Ni ma na huda bokiti uku a bayan madafina. Kai ma nemi tsohon bokiti da tubalin ɓawon kwakwa ka gwada ko da ɗaya ne. Ka riƙa ɗagawa kafin ka zuba, ka sa masa abinci a ruwansa, ranar da ya yi ƙarfi kuma ka kifa shi a tafin hannunka ka ga saiwar da idonka.