Bishiyata Ta Fi Ta Ɗan Japan

A shekarun 1980 a Woodbridge, can ƙasar waje, maƙwabcina ɗan Japan ya ba ni irin bishiyar mapul, ya ce mu yi bonsai, bishiyar ado ta cikin tukunya. Yana bayani, ina hamma. Ni da na tashi a gonar masara a Zonkwa za a koya wa shuka?

Na samo baho na shuka tawa, na yi ta ɗura mata taki. Cikin 'yan shekaru tawa ta kai kafaɗata, tasa ko gwiwa ba ta kai ba. Tausayi ya kama ni, na kai masa rabin buhun taki.

Matata ta riƙe baki: "Baban Ishaya, da gangan fa ake hana ta girma!"

Har yau a coci Sarkin Noma suke kirana, ina kuwa amsawa. Tawa dai ana shan inuwarta.