Rasuwar Mai Surutu, Keken Ɗinkin Ɗakin Sama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da ciwo, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokin zamana, keken ɗinkin nan baƙi mai zanen fure a wuya, wanda marigayiya matata ta raɗa wa suna Mai Surutu. Ya cika da hantsi, yana tsaka da aiki.

Ni ba tela ba ne. Keken nata ne, na gaje shi. Tun da ɗana ya ɗauko ni ya ajiye a ɗakin saman benensa, gwiwa kuma ta raba ni da matakala, marigayi ne kaɗai ke fita da ni. In na ɗora ƙafa a feda ya fara “caka-caka-caka”, sai in ji kamar ina cikin jirgin ƙasa, garuruwa na wucewa.

Marigayi bai taɓa raina aiki ba. Tare muka ɗinka wa buta riga mai hannu guda, muka yi wa rediyo hula, muka yi matashin kai mai aljihu inda mutum zai sa abin da yake son ya gani a mafarki. Surukata takan ce, “Baba, buta fa ba ta jin sanyi.” Shi bai taɓa faɗin haka ba.

Ciwon ajalinsa ya faro da tari, “ƙyas, ƙyas”, sai tsallake ɗinki, sai cin zare. Na ba shi mai, ya ɗan farfaɗo. Ranar da abin zai faru na ga bakin labulen tagata ya warware, labulen da na harhaɗa da zannuwan matata. Ba ni iya hawa kujera in sauke shi, sai na jawo keken gindin taga na kama ɗinki, labulen na rataye. Muna tsakiya ya ce “ƙum”, ya sandare, allura a ƙasa, ta soke labulen ta riƙe.

Tun ranar labulen bai buɗu ba. Tagar ke nan guda. Rana ta fito ko ta faɗi, sai dai in ga furannin zanen sun yi haske ko sun dushe. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce cikin ya cinye, irin kayansa kuma an daina yi. Ɗana ya ce, “Baba, a karya allurar mana ka samu iska.” Na ce ba a karya wa mamaci ƙashi. Ya ce to a yanke labulen. Na ce wannan kuma zanen uwarka ne. Ya fita.

Marigayi ya bar almakashi, wanda haƙoransa suka daina haɗuwa, da kwarkwaro cike da jan zare, da rigar tsintsiya da ba a gama ba, da ni.

Za a yi jana'iza gobe da safe, domin surukata ta riga ta auna gurbinsa da firij. Na yarda a yanke labulen, iya tafin hannu, marigayi ya tafi da shi. Dama na matata ne su biyun. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da majiya ƙarfi su sauko da shi ƙasa. Ba a buƙatar zaman makoki, ɗakin ba ya ɗaukar mutane.

Roƙona ga masu ɗaukar gawa shi ne, in sun sauke shi, su daure su sake hawowa. Ban kai shi nauyi ba. Ina so in raka shi ko da bakin ƙofa ne, in ga titi.